Shari'ar Teksas da Maganar Tarayyar da Ba Ta Warwarewa

 Mai karatu ya sani akwai wata magana da ke rubuce a farkon tsarin mulkin Nijeriya na 1999, a sashe na 2, wadda ta ce ƙasar nan ɗaya ce, ba ta rabuwa, ba ta kuwa warwarewa. Kafin wannan ma an rubuta ta a tsarin mulkin 1979. Jama'a sun sha jin ta a bakin masu mulki, amma kaɗan ne suka san inda alƙali ya taɓa zama ya yanke hukunci a kanta, balle su san nauyin da take ɗora wa shi kansa mai faɗinta. Hukuncin da ya fi shahara a wannan babi a Amurka aka yi shi, cikin shekara ta 1869. Abin mamaki kuwa, rigimar ciniki ce ta jawo shi: waɗansu takardun bashi ne aka sayar wa fatake biyu don su kawo magani da kayan shiɓar auduga.

Ga asalin al'amarin. Ƙasashe goma sha uku ne na bakin teku suka fita daga hannun Sarkin Ingila a 1776. Suka rubuta wata yarjejeniya a 1777, wadda ta fara aiki a 1781, a cikinta suka ambaci haɗuwarsu da cewa dawwamammiya ce. Yarjejeniyar ba ta yi ƙarko ba, domin hukumar tsakiya ba ta da ikon ɗora haraji, sai dai ta roƙi jihohi. Saboda haka a 1787 dattawansu suka sake taruwa a birnin Filadelfiya suka rubuta sabon tsarin mulki, wanda shi ne har yanzu ake aiki da shi, suka ce nufinsu su ƙara kammala haɗuwar. Sun bayyana yadda sabuwar jiha za ta shigo. Yadda tsohuwa za ta fita kuwa, ko harafi ɗaya ba su rubuta ba. Wannan shirun shi ya haifi gardamar shekara saba'in.

Malamai da 'yan kasuwa ba za su sha wahalar gane gardamar ba, domin irinta tana nan cikin babin mu'amala. An san ƙulli iri biyu ne. Akwai ja'izi, watau wanda kowane ɓangare yana da ikon janyewa shi kaɗai, kamar wakilci na kyauta, ko ƙiradi tun mai juya dukiya bai fara aiki da ita ba. Akwai kuma lazimi, kamar ciniki, wanda a mazhabar Imamu Malik da zarar an ce na sayar, an ce na saya, ya ƙullu, ko da ba a tashi daga wurin zaman ba. Shi lazimi ba ya kwantuwa da nadamar mutum ɗaya. Ƙofarsa ita ce iƙala, watau mai saye ya nemi a yafe masa cinikin, mai sayarwa ya yarda, kowa ya karɓi nasa. To, mutanen kudancin Amurka suka ce tarayyarsu ja'iza ce, jihohi ne suka naɗa hukumar tsakiya wakiliyarsu, kuma mai wakiltawa yana iya sallamar wakilinsa. Na arewa suka ce lazima ce.

Da a kan ilmi kaɗai gardamar ta tsaya, da ba a zub da jini ba. Abin da ke ƙarƙashinta bayi ne. A ƙidayar 1860 akwai bayi kusan miliyan huɗu a ƙasar, baƙar fata jikokin waɗanda aka kwaso daga Afirka, su ne ke noman audugar kudu. Da aka zaɓi Abraham Linkon shugaba a watan Nuwamba na 1860, shi kuwa jam'iyyarsa ta ƙi yarda bauta ta bazu zuwa sababbin yankuna, sai jihar Karolina ta Kudu ta ce ta fita, ran 20 ga Disamba. Waɗansu suka bi ta, har suka cika goma sha ɗaya. Ranar da Linkon ya kama aiki, 4 ga Maris 1861, ya yi musu magana irin ta mai sanin ciniki. Ma'anar abin da ya ce ita ce, ko da an ɗauka tarayyar alkawari ce kurum tsakanin jihohi, ɓangare ɗaya yana iya saɓa alkawari, amma warware shi bisa halas sai da yardar dukan waɗanda suka ƙulla. Ba su saurara ba. Ran 12 ga Afrilu aka harba igwa ta farko, aka yi shekara huɗu ana yaƙi, mutum fiye da 600,000 suka halaka, kana kudu ta miƙa wuya a 1865.

Yanzu sai a koma kan Teksas, domin ita ce mai ƙara. Wannan jiha ta bambanta da mafi yawan 'yan'uwanta, domin ta taɓa zama ƙasa mai cin gashin kanta bayan ta ɓalle daga Meziko a 1836, da shugabanta da tutarta, sa'an nan ta shiga tarayyar Amurka a ƙarshen 1845. Idan akwai mai hujjar cewa da ƙafata na shigo, da ƙafata zan fita, to, ita ce. A 1850 aka yi sulhu a kan iyakarta, ta saki waɗansu filaye, aka yanka mata diyyar dala miliyan goma. Rabin wannan aka ba ta a 1851 cikin takardun bashi guda 5,000, kowace ta dala dubu, da ruwa biyar cikin ɗari, a kan baitulmalin Amurka zai fanshe su bayan ƙarshen 1864. Majalisar jihar ta yi doka cewa takardar ba ta fita hannun jiha sai gwamna ya sa hannu a bayanta. Aka kashe mafi yawansu kafin yaƙi, saura suka zauna a taska.

Ran 1 ga Fabrairu 1861 taron wakilan Teksas ya zartar da fita, jama'a masu ƙuri'a suka tabbatar da rinjaye babba. A takardar da suka bayyana dalilansu ba su ɓoye ba, maganar bayi ce, waɗanda a lokacin sun kai 182,000 a jihar, kusan kashi uku cikin goma na mutanenta. Gwamnansu, dattijo Sam Houston, wanda shi ne jarumin yaƙinsu da Meziko, ya ƙi rantsuwa ga sabuwar hukumar kudu, suka tuɓe shi. Da yaƙi ya tsananta, jiragen arewa suka tsare bakin teku, sai majalisar masu tawaye ta soke dokar sa hannun gwamna, ta kafa wata hukumar yaƙi mai ikon sayar da takardun. A watan Janairu na 1865, saura wata uku kudu ta faɗi, hukumar nan ta ƙulla da George White da John Chiles, ta ba su takardu 135 daga taska, da waɗansu 76 da ke ajiye a Ingila, su kuwa su kawo magunguna da kayan shiɓar auduga. Kaya dai ba su iso ba. Takardu kuwa suka yi ta yawo daga hannu zuwa hannu.

Bayan yaƙi, sabuwar hukumar da aka kafa a Teksas ta ce a mayar mata da dukiyarta. A watan Fabrairu na 1867 ta kai ƙara Kotun Ƙoli kai tsaye, domin tsarin mulki ya ba jiha wannan dama idan tana ƙarar mutumin wata jiha. Nan fa lauyoyin waɗanda ake ƙara suka samu ƙofa. Suka ce wa ya ce Teksas jiha ce? Ai da bakinta ta ce ta fita, ta ɗauki makami, aka ci ta da yaƙi, ga shi yanzu soja ne ke mulkinta, ba ta da ko wakili ɗaya a majalisar tarayya. Wanda ba jiha ba kuwa ba shi da bakin magana a wannan zaure. Ta haka alƙalai suka ga ba su iya taɓa maganar takardu sai sun fara warware wata wadda ta fi ta girma: shin Teksas ta fita ko ba ta fita ba?

Alƙalin alƙalai a lokacin shi ne Salmon Chase, wanda ya riƙe wa Linkon baitulmali a zamanin yaƙi, watau ya san takardun nan tun kafin su zo gabansa. Ya karanta hukunci ran 12 ga Afrilu 1869, daidai shekara takwas da harba igwar farko. Hujjarsa gajeriya ce. Ya ce yarjejeniyar farko ta kira haɗuwar dawwamammiya, tsarin mulki kuma ya zo ne don ya ƙara kammala ta, to, yaya abin da yake dawwamamme, aka kuma ƙara kammala shi, zai zama mai warwarewa? Ya ce ranar da Teksas ta shigo ta shiga ƙullin da ba a komawa baya a cikinsa, sai ta hanya biyu: ko juyin juya hali wanda ya yi nasara, ko yardar sauran jihohi. Saboda haka takardar fitarta, da ƙuri'ar da aka jefa a kanta, da dukan dokokin da aka yi don zartar da ita, ɓatattu ne tun asali. Teksas ba ta taɓa daina zama jiha ba, mutanenta ba su taɓa daina zama 'yan ƙasa ba, ko a ranar da suke harbin sojan tarayya.

A nan ya kamata mai karatu ya dakata, domin nan ne ainihin maganar take, kuma nan ne masu ambatonta suka fi tsallakewa. Hukuncin bai tsaya ga ɗaure jiha kaɗai ba. Chase ya ce tarayyar da ba ta rushewa an gina ta ne da jihohin da su ma ba sa rushewa, kuma kiyaye jihohi da hukumominsu yana cikin nufin tsarin mulki kamar yadda kiyaye tarayya yake ciki. Ma'ana, igiyar da ta hana ƙarami fita ita ce ta hana babba ya kore shi ko ya shafe shi. A majalisar tarayya a wannan zamani akwai masu ra'ayin cewa kudu ƙasa ce da aka ci da takobi, mai nasara ya yi yadda ya ga dama da ita. Hukuncin ya ƙi wannan. Ya yarda haƙƙoƙin jihar sun rataya muddin tana cikin tawaye, ya yarda hukumar tsakiya ce za ta sake tsayar mata da mulki, amma bai yarda ta zama ganima ba. Sakamakon da ya fito kuwa shi ne wanda ya yi tawaye shi ya ci shari'a, kuma da hujjar abokin gabansa ya ci. Wanda ya ce ɗan'uwansa ba ya iya fita daga gida, ya hana kansa cewa ɗan'uwan nan bare ne ranar rabon haƙƙi.

Sai wata mas'ala ta biyo baya, wadda alƙalan ƙasar nan za su gane ta da sauri. Idan hukumar masu tawaye ba halattacciya ba ce, yaya auren da aka ɗaura a ƙarƙashinta shekara huɗu, da gadon da aka raba, da gonakin da aka sayar? Chase ya rarrabe. Ya ce abin da hukumar ta yi don zaman lafiyar jama'a, kamar aure da gado da cinikin dukiya da biyan diyyar ɓarna, ya zartu, abin da ta yi don taimakon tawaye kuwa bai zartu ba. Mai nazarin Muhtasar na Shaihu Halilu zai tuna a babin masu tawaye an zartar da hukuncin alƙalinsu idan masu tawili ne, don kada al'amuran mutane su lalace. Hankali ɗaya ne ya kai su wuri ɗaya. Cinikin White da Chiles dai an sa shi cikin kashi na biyu, tun da hukumar yaƙi ce ta ƙulla shi don bukatar yaƙi, aka ce takardu na jihar ne.

Alƙalai takwas ne suka zauna, biyar suka tafi a kan cewa Teksas jiha ce mai ikon ƙara, uku suka saɓa. Wanda ya fi kaifin harshe cikin ukun shi ne dattijo Robert Grier. Ya ce shi ba ya rufe ido ga abin da ke zahiri: ƙasar da ba ta da ɗan majalisa, soja ke riƙe da ita, ba a kiranta jiha don an ga dama. Sa'an nan ya yi wa mai ƙara ba'a, ya ce ga ta ta zo tana cewa hauka ta yi shekara huɗu, a soke mata duk abin da ta ƙulla cikin ciwon, alhali mutanenta da hankalinsu suka zaɓi fita, suka zaɓi yaƙi. Maganarsa tana da ƙarfi, ba a raina ta. Hujjar Chase ma tana da gurbi, domin tsarin 1787 bai maimaita kalmar dawwama ba, kuma an kafa shi ne da yardar jihohi tara, ba tare da jiran dukan goma sha ukun ba kamar yadda tsohuwar yarjejeniya ta shar'anta. Gaskiyar da ba a musu ita ce takobi ya riga alƙalami yanke wannan hukunci, shi ya sa ma Chase ya ambaci juyin juya hali cikin hanyoyi biyu. Shugaban masu tawaye, Jefferson Davis, an tsare shi shekara biyu, an tuhume shi da cin amanar ƙasa, amma ba a taɓa gurfanar da shi an ƙare shari'ar ba, aka yi afuwa ga kowa a ƙarshen 1868. Masana tarihi da yawa suna ganin hukuma ta ji tsoron kada masu taya alƙali hukunci a garin kudu su wanke shi, a wayi gari an halatta a kotu abin da aka haramta a fagen fama.

'Yan kasuwa za su so su ji ƙarshen takardun. Sashen hukuncin da ya shafi wanda ya sayi irin wannan takarda daga hannun wani bai daɗe ba, Kotun Ƙoli da kanta ta janye daga gare shi a 1885, domin yana cutar da yawon takardun bashi a kasuwa. Sashen tarayya kuwa yana nan, ba a taɓa soke shi ba. Teksas ta koma kujerunta a majalisa a watan Maris na 1870.

Waɗansu ƙasashe sun ga abin da shiru ya jawo wa Amurka, suka rubuta nasu a fili. Ostareliya ta sa kalmar rashin warwarewa a gabatarwar dokar da ta kafa tarayyarta a 1900. Duk da haka a 1933 mutanen jihar Ostareliya ta Yamma suka jefa ƙuri'a, kashi biyu cikin uku suka zaɓi fita, suka aika da wakilai London. A 1935 kwamitin majalisar Ingila ya ƙi karɓar kukansu, ya ce sai in hukumar tarayyar ce ta nema. Ba a harba ko bindiga ɗaya ba, jihar tana nan ciki. Tarayyar Sobiyet ita kuma ta rubuta wa jamhuriyoyinta haƙƙin fita, ta hana su amfani da shi shekara da shekaru, ranar da ƙarfinta ya ƙare a 1991 ta tsage gida goma sha biyar. Iƙala ta gaskiya an gan ta a Cekoslobakiya, inda majalisar tarayya da kanta ta yi dokar rabuwa, ƙasa ta zama biyu ran 1 ga Janairu 1993. Kotun Ƙolin Kanada kuwa a 1998 ta bi tsakiya game da lardin Kwibek: ba shi da ikon fita shi kaɗai, amma idan rinjaye bayyananne ya amsa tambaya bayyananniya, wajibi ne sauran su zauna da shi a yi shawara.

A Nijeriya an yi wannan gardama tun kafin mulkin kai, kuma ba ɓangare ɗaya ne ya taɓa riƙe ta ba. A taron Badun na 1950 Sarkin Zazzau da Sarkin Katsina sun nuna Arewa za ta nemi rabuwa in ba a ba ta rabin kujerun majalisar tsakiya ba. A 1953, bayan rikicin ƙudurin neman mulkin kai a 1956, majalisun Arewa suka zartar da sharuɗɗa takwas waɗanda da an bi su da tsakiya ta zama 'yar hukumar kwastan da tsaro da hulɗar waje. Sa'an nan a taron tsarin mulki da aka fara a London a 1953 aka ƙarasa a Ikko a farkon 1954, Cif Obafemi Awolowo da jam'iyyarsa suka nemi a rubuta wa kowace jiha haƙƙin fita. Dokta Nnamdi Azikiwe da tasa jam'iyyar suka ƙi, Sakataren Mulkin Mallaka Oliver Lyttelton ya ƙi, aka bar tsarin 1954 babu wannan ƙofa. A 1966 kalmar araba daga Arewa ta fito. A 1967 kuwa Gabas ce ta fita, ran 30 ga Mayu, bayan zaman Aburi na watan Janairu ya kasa ɗinke ɓaraka, aka yi yaƙi daga Yuli 1967 zuwa Janairu 1970. Da aka ƙare, Janar Yakubu Gowon ya shelanta cewa babu wanda ya ci, babu wanda aka ci, wanda shi ne a aikace rabin hukuncin Chase na biyu, watau wanda bai fita ba ba a ɗaukarsa bare. Sai dai mutanen Gabas har yanzu suna tuna fam ashirin da aka ba mai ajiyar banki bayan yaƙi, kome yawan kuɗin tawaye da ya kawo, suna tambaya ko haka ake yi wa ɗan gida.

Akwai kuma bambanci ɗaya da bai kamata a wuce shi ba. A Amurka jihohi ne suka riga tarayya, tsarin mulki ya hana a yanka jiha ko a haɗe ta da wata sai da yardar majalisarta. A nan kuwa tsakiya ce ta haifi jihohi: dokar soja ta 27 ga Mayu 1967 ta rushe manyan jihohi huɗu ta yi goma sha biyu, aka yi ta ƙari har suka kai 36 a 1996, duk da alƙalamin soja. Tsarin 1999 shi ya zo ya sa wa wannan linzami, ya ce ba a ƙirƙirar sabuwar jiha sai an bi matakai masu tsanani, har da ƙuri'ar jin ra'ayin mutanen yankin. Ƙuri'ar fita daga ƙasa kuwa babu ita a cikinsa. Hanyar da ya tanada ta gyara kansa tana sashe na 9, inda ake bukatar kashi biyu cikin uku na Majalisar Dattawa da na Majalisar Wakilai, sa'an nan majalisun jihohi 24 cikin 36 su amince.